Ƴar Sikeli da Daron Ruwan Cikin Waya

Idan ka shiga layin masu gyara, ka wuce mai walda, ka wuce mai ɗinkin kujerun mota, za ka tarar da wani ɗan shago da sikeli ya cika shi har bakin ƙofa. Akwai na mahauta, akwai na masu sayar da zinariya, akwai na asibiti da ake ɗora jarirai, har da irin wanda mutum kan hau da safe ya sauko yana tsaki. Matar da ke zaune a tsakiyarsu da ɗan sukudireba soke a ɗankwali, ita ce Ƴar Sikeli. Tun tana rarrafe sunan ya kama ta, don shagon na mahaifinta ne, kuma an ce in ta cika kuka a kan farantin babban sikeli yake kwantar da ita, allurar na rawa tana kallo har barci ya sace ta. Yau ga ta da furfura ɗai-ɗai, mahaifin ya riga mu gidan gaskiya, amma ko mijinta da sunan nan yake kiranta.

Bayan sikeli, abu biyu ne suka raine ta: ruwa da gem.

Ruwa dai, a can saman wani tsohon bene suka tashi, benen da ruwan famfonsa bai taɓa yarda ya hau matakala ba. A tsakar gida yake tsayawa, sai dai kai ka sauko ka same shi. Don haka Inna da ƴaƴanta mata biyu, Ƴar Sikeli da ƙanwarta Auta, su suka zame wa ruwan nan ƙafafu shekara da shekaru. Inna kan hau da daro cike taf a ka, bokiti a hannu, tana amsa gaisuwar maƙwabta tana yi wa Auta faɗa a lokaci guda, kuma ko ɗigo ba ya taɓa matakala.

Gem kuwa, wato wasan bidiyo, a shagon da ke jikin na mahaifinta ta san shi, inda wani mutum ya ajiye talabijin biyu da benci. Tun ranar farko aka gane ba irin sauran masu bugawa ba ce. In aka ba ta tseren mota, sai ta sauka daga kwalta ta nufi duwatsun da aka zana can nesa, wai tana son ganin inda duniyar ta ƙare. Masu jiran layi su yi ta ihu, "Ke, an wuce ki! An wuce ki fa!" Ita ko a jikinta. Ranar da motar ta bugi wani bango da ba a gani, ta tsaya cak a tsakiyar fili, dariya ta kama ta har da riƙe ciki. Ta ce ashe mutum ne ya gina wurin nan, kuma a nan ne ya gaji.

Daga ranar ta ƙudurta ita ma sai ta gina nata.

Bayan shagon ya dawo hannunta, ta yi aure, ta koya wa kanta haɗa gem daga bidiyoyin koyarwa, a kan wata tsohuwar kwamfuta mai fanka mai kukan injin niƙa. Duk lokacin da kwastoma suka ɗauke ƙafa, sai ta ture sikeli gefe ta jawo ta. Abubuwan da take haɗawa kuwa, sai wanda ya gani. Akwai wanda kai labule ne a ɗakin majinyaci, aikinka kawai ka bar hasken da zai iya jurewa ya shigo. Akwai wanda kake neman takalminka ƙafa ɗaya a ƙofar gida bayan taro ya watse, kana cin karo da takalman da masu su suka manta. Duk wanda ta ba ya gwada, tambayarsa ɗaya ce.

"To ta ina ake cinyewa?"

"Ba a cinyewa."

"To mene ne amfaninsa?"

"Kai in ka saurari waƙa, cinye ta kake yi?"

Ita a ganinta, zane ta ido yake shiga mutum, waƙa ta kunne, gem kuwa ta jiki yake shiga, kuma abin takaici ne a ce wannan ƙofa duk faɗinta ba a shigo da komai ta cikinta sai harbi da ƙwallo. Mijinta, wani ƙaton mutum mai sanyin hali da ke tuƙa motar rarraba kaya, wanda kowa ke kira Direba, yakan ji wannan huɗuba sau da yawa. Ya ce bai gane duka ba, amma na labulen ya sa shi ya kira babarsa a waya, kuma bai san dalili ba.

Babban aikinta kuwa daga wuyan Inna ya fito. Wata ranar hutu ta je gaishe ta a gidan da suka koma, marar bene, inda Inna ke zaune tare da Auta, wadda yanzu nas ce a asibiti. Sai ga tsohuwar ta ratso falo da tulin kayan guga a ka, hannu ɗaya riƙe da tsintsiya, ta waiwaya ta harari kyanwa, ta tsallake takalmi, kayan ko gezau. Ƴar Sikeli ta tsaya tana kallo kamar ba a gaban wannan wuya ta girma ba. Ta san a cikin kowace wayar hannu akwai ɗan mitsitsin abu da ke gane in wayar ta karkata, ɗan'uwan abin da take taɓawa kullum a cikin sikeli. To me zai hana a kwantar da waya a kan tire, a ɗora tiren a ka bisa gammo, wayar ta zama daron ruwa? Mai wasa ba ya ganin komai. Ruwan kawai yake ji yana motsi a saman kansa. In ya karkata, ruwan ya yi gargaɗi, in ya ƙara, ya zube shaa, wayar ta girgiza. Masu kallo su ne ke ganin matakala a allon bango. Babu maki, babu abokin gaba. Abin da take so shi ne wuyan baƙo, ko da na ɗan lokaci ne, ya ɗanɗani abin da wuyan uwarta ya sani.

A falon Inna aka yi ta gwaji, ana ture kujeru jikin bango. Masu gwajin su ne Inna, da Auta, da tsofaffin maƙwabtansu na bene da suka ji labari suka riƙa zuwa shan dariya. Duk cikinsu babu wadda ba ta hau matakalar nan da ruwa ba.

Inna ta ɗora tire ta je ta dawo, ta sauke tana yamutsa fuska. "Wannan ruwan na ƙarya ne. Na karkata har kunnena ya kusa taɓa kafaɗa, bai ce mini komai ba. Ruwa ba ya yafiya haka."

Ƴar Sikeli ta ƙara masa tsauri.

Auta ta karɓa. "Yaya, har rawa na taka da shi fa. Ƙara."

Ta ƙara. Haka aka yi ta yi wata da watanni, ana ƙarawa ana cewa da saura, har ranar da Inna ta yi tafiyarta a natse, ta dawo ta ce, "Yauwa. Yanzu ya yi kama da ruwa."

A ranar ne Direba ya zo ɗaukar matarsa, Auta ta tare shi a ƙofa ta ɗora masa tire tun bai gama gaisuwa ba. Bai ko ɗaga ƙafa ba, shaa! Aka sake, shaa! Aka kuma, ya yi numfashi kawai, shaa! Auta ta faɗi kan kujera tana dukan cinya.

"Yaya Direba, wannan kai ne ko ƙwallo? Ashe hular ma da addu'a take zama!"

Ga surukarsa zaune tana danne dariya da bakin mayafi. Bawan Allah gumi ya keto masa. Ya sauke tiren, ya ce ƙasa-ƙasa, "Anya abin nan bai yi tsauri da yawa ba?"

"Tsaurin a jikinka yake," in ji Auta. "Mutumin da kullum mota ce ke ɗaukar masa kaya."

Har matarsa ta yi dariya. To a nan kuskuren ya shigo, kuma da yake cikin dariya ya shigo, babu wanda ya ji sallamarsa.

Ba a daɗe ba gidan baje zane-zane na tsakiyar gari ya ba da sanarwa cewa a karon farko zai ware zaure guda don gem, irin wanda aka haɗa a matsayin aikin fasaha. Ƴar Sikeli ta aika ɗan bidiyon Inna tana tafiya da tire, aka amsa mata ta kawo. Matar da ke kula da wurin, wadda ma'aikata ke kira Mai Zaure, ba ta ɓoye wa kowa sharaɗi ba: wuri kaɗan ne, masu jira da yawa. Ranar buɗewa da washegarinta gwaji ne. Aikin da mutane suka tsaya a kansa zai zauna har ƙarshen zangon baje kolin, wanda suka wuce kuwa mai shi ya tattara, a ba wani.

Ranar buɗewa Ƴar Sikeli ta shimfiɗa dogon kafet ɗinta, ta jera tire da gammo a kan tebur, Auta ta ɗauki hutu ta zo taya ta. A damansu akwai wani saurayi da gem ɗinsa da ake bugawa da hura iska a bututu, kana tura jirgin takarda a kan kogi. A hagu wata malamar zane ta kawo garin da ke gogewa a bayanka duk inda ka wuce. Ƴar Sikeli ta zagaya ta gwada kowanne, ranta fari tas. Ashe ba ita kaɗai ba ce mai irin wannan ciwo a garin.

Sai aka buɗe ƙofa. Wata ɗaliba ce ta fara zuwa, ta ɗora tire tana murmushi. Shaa! Ta yi dariya ta sake. Shaa! Murmushin ya ragu, ta ajiye ta ce na gode. Wani magidanci ya zo, shaa. Matarsa ta ce kauce ka gani, shaa. Wani ma tun Auta ba ta janye hannu daga tiren ba ruwan ya tafi. Babu wanda ya kai ko tsakiyar kafet. Kafin azahar ƙarar zubewar ruwan ta zama abin da zauren ya sani, mutane na zagaye kafet ɗin kamar da gaske jiƙe yake. Layi ya yi tsawo wurin mai bututu, wurinta kuwa daga ita sai Auta sai tire.

Da la'asar Mai Zaure ta zo ta tsaya, hannu a baya. Mace ce mai magana a taƙaice.

"Ni na zaɓi aikin nan da kaina, kuma har yanzu ina son sa," ta ce. "Amma wanda na gani a bidiyo mutum ne ke tafiya da ruwa. Wanda nake gani yau mutane ne ke jin kunya. Ba za ki ɗan sassauta shi ba?"

"In na sassauta, ruwan ya zama na ƙarya, ranki ya daɗe."

"To ban san yadda za ki yi ba. In gobe war haka kafet ɗin nan babu kowa a kansa, sai dai ki yi haƙuri ki naɗe."

A hanyar komawa su uku suka matsu a gaban motar Direba, rana na dukan gilashi. Ƴar Sikeli ta rungume tire a cinya. Auta ce ta kasa shiru.

"Mutanen garin nan ne ba su iya komai ba. Kai kamar an ɗora a kan spirin."

"Haka kuka ce da ni," in ji Direba, idonsa a kan titi.

"Kai ai naka daban ne, Yaya."

"Ba daban ba ne, Auta. Ni ne mutanen garin. Mutum ɗaya tak kuka samu wanda bai tashi a benen nan ba, ya gaya muku gaskiya, kuka mai da shi abin dariya." Ya sauya giya. "Ban yi fushi ba. Amma na faɗa."

Auta ta buɗe baki, yayarta ta taɓa mata gwiwa. Ƴar Sikeli ta dubi mijinta ta gefe, ta ce, "Ka faɗa. Mu ne ba mu ji ba. Ka yi haƙuri."

"Ya wuce. Yanzu dai a nemo yadda irina zai kai ruwa gida."

Suka tarar da Inna a tsakar gida tana kwashe shanya. Ta ji labari daga farko har ƙarshe, ba ta fasa ninke zani ba. Ƴar Sikeli ta zauna a bakin baranda ta ce, "Inna, wai ni yaya aka yi kika koya mini ɗaukar daro?"

"Ni na koya miki? Yaushe na sami wannan sararin? Gwangwanin madara na miƙa miki don ki daina riƙe mini zani. Ki kama shi da hannu bibbiyu, ki hau kina haki, rabin ruwan a rigarki yake ƙarewa. In ce koma ki ɗebo." Ta yarfa wani zanin. "Daga nan kika koma kwano, daga kwano bokiti. Daro kuwa sai da kika fara jin kanki budurwa. Wane mahaukaci ne zai ɗora wa ɗan koyo daro?"

Direba ya yi tari ya dubi sama. Auta ta toshe baki.

Ƴar Sikeli kuwa ta miƙe tsaye. Abin da ta gani a fili yake: ba sassauta daro za ta yi ba, daro zai zauna yadda Inna ta yarda da shi. Ƙuruciya ce ta manta ba ta saka ba. Su duka sun daɗe da iyawa har sun manta an taɓa yin lokacin da ba su iya ba. Mai wasa zai fara da gwangwani, mai yafiya, wanda in ya zube ba a mutu ba. Yana tafiya yana girma, mazubin na girma tare da shi, ruwan na ƙara nauyi a kunne yana rage haƙuri, har a kai daro.

Washegari da sassafe gidan Inna ya koma wurin ɗaukar sauti. Ana buƙatar kukan ruwa a gwangwani, da na kwano, da na bokiti, kowanne da muryarsa. Direba na karkata mazubi, matarsa na riƙe da waya a kusa. Saura abu ɗaya: muryar da za ta ce wa mai wasa ya koma ya ɗebo in ya zubar. Aka sa Inna ta faɗa. Ta gyara zama, ta gyara murya, ta ce, "Don Allah a koma a ɗebo ruwa," kamar mai karanta labarai.

"Inna, ba haka kike ce mana ba," in ji Auta.

"Haka nake cewa. Ni ban taɓa ɗaga wa ɗa murya ba."

Ƴan'uwan suka dubi juna. Inna ta tashi ta shiga goge falo, abin da ba ta yarda kowa ya yi mata. Sai da ta gama tas, daɓen na ƙyalli, Auta ta yi wa yayarta ido a kunna waya, ta ɗauko kwano cike da ruwa ta ratso falon, ta yi tuntuɓen ƙarya a tsakiya.

"Ke! Auta! Idonki a ƙeya yake? Ƙatuwa da ke, asibiti guda na hannunki amma kwano ya fi ƙarfinki! Dubi rigarki! Maza koma ki ɗebo, kuma ki tafi a hankali, ba kora ki ake yi ba!"

Da aka kunna wa Inna ta ji, ta riƙe haɓa. "Wannan za ku kai wa mutane? Su ce ni masifaffiya ce?"

"Su ce ke uwa ce, Inna."

Ta sa aka sake kunnawa. "To ku cire wurin asibitin, kada a kore ta daga aiki. Kuma ita za ta goge falon nan."

Sauran aikin a cikin mota aka ƙarasa shi. Ƴar Sikeli na gaba da kwamfuta a cinya, fanka na kuka, Direba na tuƙi a hankali yana kauce wa kowane rami, na bayansa na ta danna masa oda. Da suka isa, kafin a buɗe ƙofa, shi ta ɗora wa tire. Ya yi tafiyarsa da gwangwani, ya zubar, muryar surukarsa ta tashi a saman kansa har ya ɗan rusuna ba da saninsa ba. Ya sake, ya kai kwano. Ya ce canjin daga kwano zuwa bokiti ya yi sauri, mutum bai gama sabawa ba. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Ta zauna ta gyara.

Ɗalibar jiya ce ta fara dawowa, wai abin ya tsaya mata a rai. Ta ɗora, ta ji ɗan ruwa na ƙyal-ƙyal a gwangwani, ta taka, ta sake takawa. Da ta zubar, faɗan Inna ya cika zauren, mutane suka waiwayo, ita kuwa ta fashe da dariya ta ce wallahi muryar kakarta ce sak. Ta koma farkon kafet da gudu. Masu wucewa suka fara tsayawa. Aka fara ba da shawara daga gefe: ki daina kallon ƙasa, saki kafaɗarki, kada ki riƙe numfashi. Wani dattijo ya ce da ɗansa, "Ka ga yadda babarka ta yi ta fama kafin a ja mana ruwa." Kafin azahar layi ya kai har wurin mai bututu, shi ma ya bar jirginsa ya shiga layin.

Yawanci a bokiti suke faɗuwa, su koma suna dariya. Sai wani dogon mutum mai rigar ofis, wanda da alama zafin rana ne kawai ya koro shi ciki, ya miƙa wa Auta jakarsa ya karɓi tire. Ya zubar a gwangwani, ya zubar a kwano, ya sha faɗa ya koma. A karo na gaba wani abu ya zauna masa a jiki. Kafaɗunsa suka sauka, tafiyarsa ta canza, ƙugu na aiki kai na tsaye. Ya wuce bokiti. Sai sautin ya yi zurfi, ya yi nauyi, irin na daro cike taf, ainihin wanda Inna ta sa wa hannu. Kowa a zauren ya zuba masa ido. Mutumin na tafe, gumi na bin kuncinsa, matakala na wucewa a allon bango, har ta ƙare a bakin wata ƙofa. Ya tsaya.

Ya kai hannu zai sauke, ruwan ya yi gurnani. Ya janye. Ya gwada sunkuyawa, ruwan ya sake gargaɗi. Ya tsaya ƙiƙam, ido kawai ke motsi.

"Jama'a," ya ce a hankali, "yaya ake saukewa?"

Sai a lokacin Ƴar Sikeli ta ankara. Ba ta haɗa ƙarshe ba. A falon Inna duk wadda ta gama, wata ce ke miƙa hannu ta ɗauke mata tiren ba tare da kowa ya lura ba, kamar yadda ake yi a saman bene. Daro cike ba ya saukuwa da hannun mai ɗauke da shi. Ta yunƙura za ta je, sai wata ƴar tsohuwa da ke cikin layi ta riga ta. Ta miƙa wa na kusa da ita sandarta, ta tako ta tsaya a gaban dogon mutumin, kanta ko ƙirjinsa bai kai ba.

"Durƙuso, ɗana. A hankali, bayanka a miƙe. Yauwa. Kawo."

Ya yi ƙasa sannu-sannu har gwiwarsa ta taɓa kafet. Ta sa hannu biyu ta ɗauke tiren a daidaice, ta ajiye a tebur. Aka ji ruwan ya yi ɗan kai-kawo, ya kwanta.

"Sannu," ta ce masa. "Ka kai ruwa gida."

Mutumin ya daɗe a durƙushe yana shafa wuya. Sai zauren ya ɓarke da tafi, Auta na tsalle da jakar mutane a hannu, Direba na faɗa wa duk wanda ke kusa, "Matata ce, ita ta haɗa." Malamar zane ta matso ta kama hannun Ƴar Sikeli ta ce wannan ƙarshen, da dole sai wani ya sauke ka, shi ya fi komai kashe ta, yaya aka yi ta yi tunaninsa?

"Ban yi ba," in ji Ƴar Sikeli. "Yanzun nan ni ma na gan shi. Amma ba zan taɓa shi ba."

Daga nan kowa ya shiga layi sai ya dubi na bayansa ya ce, in na kai, kai za ka sauke ni. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa yi wa juna sannu.

La'asar ta yi, lokacin da aka yanka mata. Ƴar Sikeli ta duba ko'ina ba ta ga Mai Zaure ba, har ta fara shan jinin jikinta. Sai Auta ta zungure ta. Can a kan kafet, takalma a cire, tire a ka, Mai Zaure ce ke tafe da bokiti, fuska a ɗaure kamar mai rantsuwa a kotu. Ashe layi ta bi kamar kowa. Ƴar Sikeli ta bi gefenta tana tafiya daidai da ita.

"Ranki ya daɗe, in naɗe kafet ɗin ne ko in bar shi?"

"Kada ki sa ni magana."

"Ai gyaɗa kai kawai za ki yi."

"Ke dai muguwa ce," in ji Mai Zaure ta cikin haƙora, ido na kallon gaba. "Ba zan gyaɗa ba. Yana nan har ƙarshen zango. Ki kawo ƙarin tire, ki kawo gammo da yawa, kuma a sami kafet na biyu, layin nan ya toshe mini ƙofa. Yanzu matsa, daro na zuwa."

Ƴar Sikeli ta matsa, amma ba ta yi nisa ba. Ta je ƙarshen kafet ta tsaya, ta naɗe hannun riga, tana jira.